Fijon Babanmu da sitiyarin da ya so ya kai mu ƙarƙashin tirela

Wata Asabar ce cikin damina, mun taso daga Tudun Wadar Zariya za mu Kaduna ɗaurin aure, ni ke tuƙi, ƙanina na gefena, maƙwabcinmu da ɗansa suna baya. Mun wuce Ɗanmagaji mun miƙi titi lafiya lau, kafin mu kai Jaji sai ga wata tirela ta taho ta gefenmu a guje, iskarta kawai ta bugi motar naji gaban ya zame dama kamar wani ya ja shi da igiya. Na murɗo sitiyari hagu, shiru kamar ba da ita nake ba, na ƙara murɗawa sannan ta amsa, kuma da ta tashi amsawa sai ta zarce inda nake so ta nufi jikin tirelar. Salati kawai kake ji a cikin motar. Allah ne ya tsare, na lallaɓa na gangara gefen titi na tsaya, hannuna na rawa, rigata ta jiƙe sharkaf. A tsayen nan na kama sitiyarin ina kaɗa shi hagu da dama, ƙanina ya fita yana kallon taya, yace yaya wallahi ko motsi ba ta yi. Kusan faɗin tafin hannuna sitiyarin ke tafiya a banza kafin taya ta san ana yi da ita.

Mun ƙarasa ɗaurin auren dai a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, amma tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan sake saka ɗan kowa a motar nan ba sai na gano abinda ke damunta.

Motar Peugeot 504 ce, Fijo dai kamar yadda kowa ke kiranta, salun fara, ta Babanmu ce Allah ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, irin waɗanda kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗawa a Kakuri tun 1975. Yaran yanzu ba lallai su gane matsayin motar nan ba. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya wanda cikin laka da ƙura da duwatsu ake yinsa, nan gida kuwa tun zamanin Murtala da Obasanjo ta zama motar gwamnati, manyan ma'aikata duk ita suke hawa. Turawa sun daina yinta tuntuni amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000. Kuma abinda ya sa ta karɓu a ƙasar nan ba kyau ba ne kaɗai, ƙafa ce. Mota ce da ke shanye rami ba ka ji a bayanka ba, shi ya sa direbobin tasha na hanyar Kano da Kaduna da Jos suka riƙe wagon ɗinta shekara da shekaru suna lodin mutane layi uku. Ni kuma na tashi ina ganin Babanmu yana tuƙa tasa zuwa Funtua da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan tasbaha, motar na tafiya ɗoɗar kamar an ɗora ta a layin dogo. To na san yadda take tafiya in tana da lafiya, babu mai gaya min.

Shi ya sa maganar da na fi jin haushi ita ce wadda kowa ya dinga yi min bayan abin ya faru, wai ai haka tsohuwar mota take, sitiyarinta sai da wasa, ka saba da ita kawai. Har wani abokina direba yace min shi tasa ma sai ya dinga yi mata kamar mai tankaɗe, hagu dama hagu dama, a haka yake zuwa Kano ya dawo. Wannan magana ba gaskiya ba ce kuma tana kashe mutane. Wasan sitiyari ba halin tsufa ba ne, ciwo ne, akwai inda yake zaune a jikin motar kuma ana iya sa hannu a taɓa wurin a ce ga shi nan.

Kafin in gane haka sai da na fara faɗawa hannun da bai dace ba. Wani gareji na kai ta, ba zan faɗi ina ba ne, yaron da ya karɓe ta ko jak bai sa ba ya leƙa yace tayarod ne oga, amma ba sai ka sayi sabo ba za mu yi maka maneji. Manejin nan kuwa shi ne ya kwance kan tayarod ɗin, wato sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya, ya ɗora a kan dutse ya dinga dukan gindinsa da guduma har ƙarfen ya matse ƙwallon da ke ciki, sannan ya yanko tsohon tiyub na taya ya cusa a wani bushin da ya cinye, wato robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota. Kwana huɗu naji sitiyari ya yi ƙarfi ina murna, a na biyar na faɗa wani rami wajen Kwangila komai ya dawo, har da sabon ƙara ƙwas ƙwas da babu shi a da. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Daga baya aka nuna min cewa dukan nan yana iya tsaga kofin da ke riƙe ƙwallon, ranar da ya fita kuwa taya ɗaya ta kama gabanta, babu sauran sitiyari a hannunka.

Wani aminin Babanmu ne da muka haɗu a masallacin Juma'a ya tura ni wajen wani dattijon makanike can cikin Sabon Gari, garejinsa ba wani gini, rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da yara biyu masu koyon aiki. Ina tsayawa ya dubi motar ya dube ni yace wannan ba motar malam wane ba ce? Ashe shi ya riƙa duba ta shekarun baya kafin mu canza unguwa. Ya yi wa Babanmu addu'a ya shafa bonet ɗin, sannan yace ɗana me ke damunta. Nace Baba sitiyari ne ke wasa, an ce min tayarod. Yace wa ya ce? Bari ita ta faɗa da bakinta.

Yadda ya bincike ta shi ne ainihin abinda ya sa na zauna rubuta wannan, don duk mai tsohuwar mota zai iya yi a ƙofar gidansa in ya samu mutum ɗaya ya taya shi.

Bai fara da jak ba. Iskar tayoyi ya fara aunawa, ya bi notocin taya huɗu huɗun nan da sifana ya tabbatar a ɗaure suke, yace sau da yawa mutum na neman ciwo a ciki alhali taya ce ba iska. Sannan ya bar motar a ƙasa da nauyinta, inji a kashe, tayoyi sun miƙe, ya sa yaronsa ya zauna ya dinga kaɗa sitiyari a hankali, ba juyawa ba, kaɗawa kawai daidai inda wasan yake, shi kuma ya shimfiɗa kwali ya kwanta. Dalilin barinta a ƙasa shi ne taya na riƙe da ƙasa ba ta son motsi, to duk mahaɗar da ta saki za ta nuna kanta, gefe ɗaya na motsi ɗayan na tsaye. In ka ɗaga ta sama komai zai bi sitiyari salin alin ba za ka ga komai ba. Kuma ba da ido yake dubawa ba, tafin hannunsa yake dunƙulewa a kan kowace mahaɗa, yace min ɗana zo ka sa naka hannun. Na durƙusa na dafa kan tayarod na dama, wallahi naji shi a tafina, ɗan ƙwat ƙwat kamar bugun zuciya duk lokacin da yaron ya kaɗa. Idona bai ga komai ba amma hannuna ya ji.

Daga sama ya faro, bai yi tsalle ba. A sandar sitiyarin Fijo kafin ta shiga rak, wato sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama, akwai wani faifan roba mai kauri da ke haɗa ƙarfe biyu, aikinsa ya shanye girgizar hanya kar ta iso hannun direba. Namu ya tsattsage, saman na juyawa ƙasan na jinkiri, kuma ni ban taɓa sanin ma akwai shi a motar ba. Daga nan ya duba ko rak ɗin kansa na zamewa a mazauninsa, wannan lafiya lau. Sai robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe bakin rak ɗin hagu da dama, ta hagu ta yage tun ban san yaushe ba, ya tura yatsa ya fito da jar laka busasshiya a wurin da ya kamata a ga giris. Sai kawunan tayarod biyu, duka sun tafi, har wanda aka yi wa maneji.

Sannan ne ya sa jak, kuma bai yarda kowa ya shiga ƙasa ba sai da aka tura ƙatuwar guntuwar katako da tsohon wil a ƙarƙashi, yace jak ba amana gare shi ba. Ya kama taya gefe da gefe ya girgiza, wannan tayarod yake nunawa. Ya sake kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ta hagu ta yi ƙwal ƙwal. Yace wannan ko boljoyin ne, wato mahaɗar ƙwallo da ke riƙe ƙafa ta ƙasa, ko beyarin da taya ke juyawa a kansa, bari mu raba gardama, ya sa yaron ya take birki ya riƙe, ya sake girgizawa. In beyarin ne, da an take birki wasan zai ɓace tunda birki ya kama faifan ya haɗe shi da ƙafa, in kuwa bai ɓace ba to boljoyin ne. Namu bai ɓace ba. Ya ɗauko dogon ƙarfe ya dinga sa shi yana banƙara hannun ƙafa na ƙasa, robobin bushin ɗin sun zama kamar busasshen ƙanzo, wani ma ƙarfen tsakiyarsa ya rabu da robar gaba ɗaya yana yawo. Da aka sauke ta ya danna kowace kusurwa da ƙarfinsa ya saki, lafiyayyar shoka sau ɗaya mota za ta taso ta tsaya, gaban dama namu sai da ya yi lilo kusan sau uku, jikin shokar kuma duk mai ne da ƙura ta manne.

Nace Baba to wanne ne a ciki ya so ya kashe mu? Yace dukansu, babu wanda shi kaɗai zai yi wannan. Ya yi min bayanin da har yau yake kaina. Sitiyarin Fijo da ba ta da fawa mai sauƙaƙa juyi irin tamu sai ka juya shi sama da zagaye huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, an yi haka ne don ya yi sauƙi a hannu, to ma'anarsa ɗan motsi kaɗan a wajen taya babban motsi ne a wajen sitiyari. Milimita ɗaya a wannan mahaɗa, ɗaya a waccan, biyu a faifan roba, kafin su taru su hau sama sun zama tafin hannu. Bushin da shoka kuma su ba sa ƙara wasa a sitiyari kai tsaye amma su ke barin taya ta canza inda ta dosa da kanta in iska ta buge ka ko ka take birki ko ka hau gefen kwalta, shi ya sa motar ta tafi dama ban aike ta ba. A Ingila wajen gwajin mota na shekara shekara, mota mai rak in wasan sitiyarinta ya wuce milimita 13 a bakin da'irar ana ɗaukarsa matsala ne, wato bai kai faɗin babban yatsa ba, ni kuwa ina yawo da tafin hannu guda da iyali a ciki.

Abinda ke cinye waɗannan kayan a garinmu ba ɓoyayye ba ne. Kowace mahaɗa ƙwallon ƙarfe ne a cikin kofi da giris, an rufe da 'yar hular roba. Muddin hular nan na nan lafiya mahaɗar na iya shekaru. Ranar da ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar yashin goge tukunya, damina ta zo ruwan kwata ya wanke sauran, sai ramuka da tudun rage gudun da ke cike da titunanmu daga Samaru har Kofar Doka su ƙarasa aikin. Ga lodi, buhunan masara a but lokacin kaka. Ga kuma wata al'ada da dattijon ya yi ta faɗa a kai, mutum yaji bushin na kuka sai ya tsiyaya masa baƙin mai, kukan ya tsaya yaji daɗi, alhali man inji kumbura roba yake ya narkar da ita. Namu na hagu ma man da ke ɗiga daga inji ne ya kashe shi.

Bari in ɗan ratse saboda masu Mercedes tsohuwa irin 200 da 230 na ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, da masu Volkswagen Beetle mai kama da kunkuru wadda aka riƙa haɗawa a Legas, don akwai wata Mercedes a rumfar ranar kuma na tsaya na kalli aikinta. Su ba rak gare su ba, akwatin sitiyari ne, kuma a samansa akwai sukuru da noti na rage wasa. Nan mutane ke ɓata mota. Da an ji wasa sai a kama sukurun a ɗaure tamau, sitiyari ya yi tauri a ce an gyara, alhali wasan na can ƙasa a tayarod ko a bushin hannun da ke ɗaya gefen yana taya akwatin riƙe sandar tsakiya. Dattijon yace sukurun nan shi ne na ƙarshen taɓawa, sai an tabbatar duk mahaɗu lafiya suke, kuma sai tayoyi sun miƙe sak, a juya shi kaɗan kaɗan ana gwadawa, don in ya matse da yawa sitiyari zai daina dawowa da kansa bayan kwana kuma haƙoran ciki su cinye juna, akwatin da zai yi shekara goma ya mutu a wata shida. Irin waɗannan motocin dama an yi su da ɗan wasa kaɗan a tsakiya, ba a kashe shi gaba ɗaya. Beetle kuma ba ta da sifirin mai murɗe a gaba, sandunan ƙarfe ne a cikin bututu biyu suke murɗawa, kuma bututun nan na son giris a kai a kai.

Neman kaya ya fi gyaran wahala, gaskiya. Da can kayan Fijo ko a kantin unguwa sai ka samu, yanzu sai ka zagaya. Wasu na samu a nan Sabon Gari, faifan roban sai da na je Kaduna wajen Panteka, wani ɗan uwa kuma ya duba min Kofar Ruwa a Kano ya aiko min da robobin rak. Dattijon ya ba ni tsofaffin da aka cire a leda yace kar ka sayi komai sai ka jera shi da wannan, ka duba tsawo, ka duba zaren noti, ka duba kaurin wuyan da ke shiga rami, don 504 ta daɗe ana yinta kuma an yi canje canje a tsakani, ba kowane ke shiga kowace ba. Ya kuma ce kayan ƙarfe zalla kamar hannun ƙafa ko rak ɗin kansa ana iya ɗaukar na Beljiyam in mai kyau ne, amma roba da mahaɗa sabo ake saye, don robar da ta shekara talatin a jikin wata mota a Turai ita ma ta tsufa ko da ba ta tsage ba. Duk da haka sai da wani mai shago ya haɗa ni da kan tayarod na bogi, kwali mai kyau da hoton zaki da komai, kuɗinsa kusan rabin na sauran. Dattijon ya karɓa ya tura ƙwallon da yatsa ɗaya ya kwanta laƙwas, ya ɗaga hular babu ko ɗigon giris. Yace sabuwar mahaɗa ta gaskiya sai ka sa ƙarfi kafin ta motsa, mayar masa. Araha ba ta ado, na koma na cika kuɗi na ɗauko mai kyau.

Kwana biyu aka yi ana ɗaurawa, ni kuma na ɗauki hutu na zauna a kan benci ina kallo don ina so in sani. Kafin ya kwance kowane kan tayarod sai da ya ƙirga zagaye nawa ya fita ya rubuta da alli a jikin mudgad, sabon ma ya shiga daidai wannan adadi, don tayoyi su tsaya kusa da inda suke kafin a je alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Wajen fitar da mahaɗa daga raminta bai taɓa dukan kan zaren ba, guduma ɗaya ya tokare a bayan ƙarfen ya bugi gefen da ɗayar, wuyan ya faɗo da kansa. Rak ɗin ya sauke shi gaba ɗaya ya wanke lakar da kananzir, ya duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, Allah ya taimaka ba su ci sosai ba, ya gyara ɗan abin nan mai sifirin da ke danne sandar a jikin haƙori, ya cika giris ya sa sababbin robobi ya ɗaure bakinsu. Bushin da ruwan sabulu ya tura su, ba mai ba. Inda noti ke da rami na fin, fin ɗin gaske ya sa ya tanƙwara, da yaron ya miƙo masa ƙusa sai da ya sha faɗa.

Abu ɗaya da ban taɓa ji ba sai a wurinsa, bayan ya sa sababbin bushin bai ɗaure kusoshinsu tamau ba, ya bar su sakwa sakwa har aka sauke motar ta zauna da nauyinta, aka girgiza ta, sannan ya shiga ƙasa ya ɗaure. Nace Baba me ya sa? Yace robar bushin ba juyawa take a kan ƙarfe ba, murɗewa take. In ka ɗaure ta mota na rataye a jak ƙafa na lilo, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun mota na tsaye, kullum a wahale take, wata kaɗan ta yage ka ce kayan ne ba kyau. Na tuna sau nawa aka canza min bushin a wasu wurare aka ɗaure a sama ina tsaye ina kallo.

Shoka kuwa duka biyun gaba aka canza ko da yake ɗaya ce ta zubar da mai, yace ba a sa wa mutum takalmi sabo a ƙafa ɗaya tsoho a ɗaya. A gaban Fijo shokar na cikin sifirin ne a haɗe, kuma sifirin nan a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum. Dattijon na da abin matse shi na ƙarfe mai zare guda biyu, ya kori yaran gefe ya yi da kansa. Na taɓa gani a wani wuri ana ɗaure sifirin da igiya da waya ana kwance notin sama, don Allah in kaga za a yi wa motarka haka ka hana, ran yaron da ke durƙushe a wurin ya fi motar. Haka walda, duk abinda ya shafi sitiyari ba a yi masa walda ba a gasa shi a wuta a miƙe, in ya lanƙwashe a canza shi.

Da aka gama ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita da ido yadda za ta iya tafiya, sannan yace maza wuce wajen masu alaimen na inji kar ka tsaya ko'ina. A can ne na lura da tayoyin gaban da kyau, cikinsu ya cinye har waya na leƙowa alhali wajen kamar sabo, ni kuma kullum wajen nake kalla ina cewa tayoyina da saura. Dole na ƙara da taya biyu. Aljihu ya ji jiki ba kaɗan ba watan nan, sai da na ɗage wasu abubuwan.

Juma'ar da ta biyo baya Hajiyarmu tace tana son zuwa Funtua gaida 'yar uwarta. Tun rasuwar Babanmu ba ta cika son shiga motar ba, ranar dai ta shiga baya ta zauna inda ta saba zama. Muka bi ta Samaru muka wuce Shika, manyan motoci na ta wuce mu, iskarsu na bugun motar tana tsaye kan layinta, in na motsa sitiyari kaɗan ta motsa kaɗan, in na fito daga kwana ya dawo tsakiya da kansa yana zamewa a cikin hannuna. Ƙwas ƙwas ɗin nan babu shi. Hajiya ba ta ce komai ba har muka wuce Giwa, can naji ta tana magana ƙasa ƙasa kamar da kanta take, tace haka take tafiya lokacin malam. Ban iya amsa mata ba, na dai ci gaba da kallon hanya.

Saura ƙafar baya, dattijon ya nuna min bushin biyu da suka fara tsagewa a can, yace za su kai ƙarshen damina amma kar su wuce. Ya kuma ce in dinga kawo ta farkon damina da ƙarshenta a ɗura giris a duba hulunan roba, ko ban ji komai ba. Na riga na sa ɗan uwan nan na Kano ya fara cigiyar bushin ɗin.